Yadda Ake Zuba Kankare a Ƙofar Gida ko Gaban Shago, Ya Daɗe Bai Tsage Ba

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Aboabo ko Asawase bayan ruwan watan Yuni ya san halin jar ƙasar Kumasi. Takalmi ya yi nauyi, bakin riga ya rine, tsoho mai zuwa masallaci da asuba yana dafa bango kada santsi ya kwashe shi. Shi ya sa da mutum ya ɗan samu sarari, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya zuba kankare daga bakin titi zuwa ƙofar gida, ko ya daɓe gaban shagonsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan irin wannan aikin da ke farfashewa tun bai ga damina biyu ba. Nawa na farko ma haka ya yi, kuma kuɗin da suka tafi ba kaɗan ba ne. Da na bi diddigi, sai na tarar ba simintin ne ya gaza ba. Ruwa ne, kashi uku: wanda ya kwanta a ƙarƙashi, da wanda aka tuttula wajen kwaɓi, da wanda aka hana daɓen sha bayan an gama.

Mataki na farko: ka san inda ruwa ke bi

Kafin ka kira magini, ka fita ranar da ake ruwa ka tsaya a ƙofarka. Ina ruwan indararo ke zuba? Ina yake taruwa? Ta ina yake gangarawa kwata? Amsar nan ce za ta zana maka aikin. Dole daɓen ya karkata daga jikin gini zuwa kwata, santimita 2 a kowace mita ɗaya, kuma samansa ya zauna ƙasa da daɓen ɗaki da kamar santimita 15, don kada ruwan sama ya samu hanyar shiga.

Idan aikin zai taɓa gefen titi, wurin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Ka leƙa ofishin hukumar yankinka. Mu mutanen Aboabo da Asawase ƙarƙashin Asokore Mampong muke tun 2012, wasu unguwannin kuma KMA ce, wato hukumar birnin Kumasi. Ka tambayi maƙwabta inda bututun Ghana Water da wayar lantarki ta ECG suka bi kafin diga ta sauka. Kwata kuwa, don Allah kada ka binne ta da kankare guda. Ka sa a yi mata marafai da mutum biyu za su iya ɗagawa, domin ranar da leda da yashi suka toshe ta, ƙofar maƙwabcinka ruwan zai nufa.

Mataki na biyu: awo da lissafi

Hanyar da mutum biyu za su gifta juna tana son faɗin mita 1.2. Kauri santimita 10, wato inci 4, in ƙafa da babur kawai za su bi. In mota za ta hau, ko ana sauke buhunan shinkafa daga aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, to santimita 15, a saka ragar ƙarfe a ciki.

Ga misali: tsawon mita 10, faɗin mita 1.2, kaurin inci 4, zai ci wajen buhu 8 na siminti, kwanon sarki 32 na yashi, 64 na tsakuwa. Ka sayi buhu 9, kada aiki ya tsaya ana tsakiyar zubi.

Mataki na uku: zaɓen kaya

Siminti, ko Ghacem ne ko Dangote ko Diamond, buhunsa kilo 50 ne, kuma mai lambar ƙarfi 32.5 ya isa hanyar ƙafa, 42.5 ya fi dacewa da inda mota ke hawa. Ka danna buhun da hannu, in ka ji dunƙule mai tauri a ciki ya sha iska, ka bar shi. A gida kuma a jera shi kan katako, ba a ƙasa ba.

Yashi ne inda aka fi cutar mai gida. Ka ɗebi kaɗan ka zuba a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye awa uku. Yashin zai kwanta, taɓo ya hau kansa. In taɓon ya kai kashi ɗaya cikin goma, kada ka karɓi lodin, ko da direban tifa ya rage maka kuɗi. Taɓo yana lulluɓe ƙwayar yashi ya hana siminti kama ta. Tsakuwa kuma ta fasasshen dutse, mai girman kwata uku na inci, irin wadda ake kawowa daga wuraren fasa dutse na Buoho.

Mataki na huɗu: ƙasa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa ke son ya yi sauri ya wuce. A kwashe baƙar ƙasar sama gaba ɗaya, da ciyawa da saiwa da tsohon juji, har a kai ƙasa mai tauri. Unguwanninmu da yawa an yi shekaru ana cike ramuka da shara, to in diga ta fara fito da leda da tsumma, a ci gaba da haƙa. Kankaren da aka ɗora kan juji zai lotsa, ko buhu nawa aka zuba masa.

Sai a cike da burji ko ragowar dutse, kaurin santimita 10, a yayyafa ruwa kaɗan, a daɓe. In da hali a ɗauko hayar injin daɓe na wuni ɗaya. In babu, maɗaɓi mai nauyi da haƙuri. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka taka da dunduniya da ƙarfi, in sawu ya fito, da saura. Karkatar nan ta santimita 2, tun a nan ake fitar da ita, ba a saman kankare ba. In akwai mangwaro ko darbejiya kusa, ka ba ta tazara, saiwarta na iya ɗaga daɓe.

Mataki na biyar: katako

A kafa katako gefe da gefe, a kama shi da turaku, a ja igiya, a duba daidaitonsa da tiyon ruwa. Tsakanin daɓen da bangon gida a saka siririn soso ko allo mai laushi, don kowanne ya motsa da zafin rana ba tare da ya ture ɗaya ba. In ƙofar shago ce mai tudu, ka yi gangare maimakon matakala, tashin santimita 10 a tsawon mita 1.2. Dokar masu buƙata ta musamman ta 2006 ta nemi wuraren da jama'a ke shiga su zama masu shiguwa ga kowa, ga kuma iyayenmu masu sanda da mai keken guragu da ke son sayayya da kansa.

Mataki na shida: kwaɓi da zubi

Ma'aunin shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, saboda haka kowane buhu yana tafiya da kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Ka tsaya da kanka ka ƙirga. A juya su a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan ruwa.

Ruwan buhu ɗaya bai wuce lita 25 ba, cikin jarka guda irin rawayar nan da ake kira galan ɗin Kufuor, kuma in yashin jiƙaƙƙe ne a rage. Leburori za su so a ƙara, don kwaɓi mai ruwa ya fi sauƙin shebur, kuma gajiyarsu gaskiya ce. Amma ruwan da ya yi yawa zai ƙafe ya bar ƙananan ramuka a jikin kankaren, su ne ke sa ya yi gari ya tsattsage. Ranar da aka yi nawa na biyu, sai da na ce wa magini, “Malam, ka yi haƙuri, gara in ƙara lebura ɗaya da in ƙara bokiti ɗaya.” Kwaɓin kirki in ka ɗebo a shebur yana tsayawa kamar tuwo mai laushi, ba ya malala kamar koko.

A fara da sassafe. A jiƙa ƙasan kaɗan, a zuba cikin rabin awa da kwaɓawa, a soka da rodi ko'ina don iska ta fita, a ja miƙaƙƙen katako a kai. Ragar ƙarfe a ɗaga ta kan 'yan duwatsu ta zauna a tsakiyar kauri. Wadda ta kwanta a ƙasa ba ta aikin komai. Masu aiki su sa takalmin roba da safar hannu, siminti yana ƙona fata.

Mataki na bakwai: sama da tsaga

Ruwa zai taso sama bayan zubi. A jira ya ƙafe, kada a barbaɗa busasshen siminti a kai, ɓawon nan zai ɓare daga baya. A shafe da katakon shafe, sannan a ja tsintsiya mai tauri a gicciye. Na san sumul ya fi kyau a ido, amma wurin da ake alwala ko wanke-wanke, gansakuka na kama shi, sumul kuwa ya zama tarko.

Kankare yana ɗan tsukewa in yana bushewa, dole ya nemi inda zai tsage. Kai za ka zaɓa masa wurin: kowace mita 1.2 zuwa 1.5 a yanka layi a gicciye, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, wato santimita 2.5 a daɓe mai inci 4.

Mataki na takwas: shayarwa

Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma tana ɗaukar kwanaki. Da saman ya yi taurin da yatsa ba ya lotsa shi, a rufe da buhunan koko na algarara a jiƙa su, ko a shimfiɗa leda a danne gefenta. Safe da yamma ana zuba ruwa, kwana 7 cur. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na zuƙe danshi cikin awoyi kaɗan, sai a ƙara da na rana. In kuma a damina ne, leda ta kasance a kusa tun kafin a fara, don ruwan sama a kan ɗanyen kankare yana wanke simintinsa.

A kewaye wurin da benci ko igiya saboda yara da awaki. Bayan kwana 2 ana iya takawa a cire katako. Babur ya jira mako guda. Mota kuwa, in za ka iya, ka riƙe ta a waje har kwana 28, lokacin ne kankare ke kai ƙarfin da aka auna masa. Bayan an cire katakon a cike gefe da burji a daɓe, don kada ruwan damina ya rarake ƙarƙashinsa.