Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gwada Juriyar Waken Soya ga Cutar Tsatsa

Tun da tsatsa ta ɓulla a gonakin waken soya a Najeriya a 1999, masu inganta iri suke neman wanda zai jure mata. An dace kuwa, domin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da iri mai jure tsatsa, TGx 1835-10E. Sai dai har yau, a filayen gwaji da yawa, ana yaba irin da bai taɓa haɗuwa da cutar ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Damina ta zo da ƙarancin ruwa, ganye ya fito fes, sai a rubuta cewa irin yana da juriya. Ina! Tsatsa tana buƙatar ganye ya jiƙe da raɓa ko ruwa na aƙalla awa shida kafin ta kama. In babu wannan laimar, ko irin da ya fi kowanne rauni lafiya lau zai fito. Gyaran shi ne a shuka irin da aka san tsatsa na cin sa, kamar TGx 1448-2E, a kewaye fulotin da tsakanin kunyoyi. In shi bai kamu ba, gwajin shekarar bai nuna komai ba, a sake baɗi. Kada kuma a yi feshin maganin cutar a fulotin da ake aunawa.

Kuskure na biyu shi ne duba daga tsaye. Tsatsa daga ganyen ƙasa take farawa, a bayan ganyen. Dole mutum ya durƙusa, ya juya ganye, ya sa madubin ƙara girma. Tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke fitar da gari mai yawa alamar rauni ce. Ja mai duhu wanda garinsa kaɗan ne, alamar irin yana kokawa da cutar. Akwai kuma cutar ƙuraje ta bakteriya da ke kama da tsatsa ƙwarai, amma ita ba ta fitar da garin. Shafa farin ƙyalle a bayan ganyen, za ka gani.

Lokacin dubawa ma yana ruɗin mutane. Cutar tana tsananta ne bayan fure, lokacin da ƙwaya ke cika. Irin da ke nuna da wuri sau da yawa tsere mata yake yi kawai, don haka a kwatanta masu saurin nuna da junansu, a kuma duba sau uku ko huɗu, ba sau ɗaya ba.

Gwajin wuri ɗaya kuwa bai isa ba, domin ƙwayar tsatsar iri-iri ce. Irin da ya tsaya daram a Zariya yana iya faɗuwa a Binuwai, inda laima ta fi yawa. A kai shi can, damina biyu aƙalla, kafin a miƙa wa manomi.