Riƙe ƙaramar bindiga a Texas: abin da nake gaya wa sababbin zuwa

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka zo Houston sukan tambaye ni wace bindiga ya kamata su saya. Ni kuwa nakan fara tambayarsu wace irin takarda suke zaune da ita. Mai katin zama na dindindin zai iya saye. Wanda ya zo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kuma idan ya taka wannan doka ana iya kora shi gida. A shagon bindiga za ka cike fom mai lamba 4473, sannan hukumar FBI ta duba tarihinka kafin a miƙa maka komai.

Tun ranar 1 ga Satumba 2021, wanda ya kai shekara 21 a Texas zai iya ɗaukar fistol, wato ƙaramar bindiga, ba tare da lasisi ba. Duk da haka shawarata ka yi lasisin. Kuɗinsa dala 40 ne, ban da na malami da na ɗaukar zanen yatsu. Ajin awa 4 zuwa 6 ne, sai jarrabawar harbi: harsashi 50, daga yadi 3 da yadi 7 da yadi 15, kuma sai ka sami maki 175 cikin 250. Jarrabawar ba ta da wuya. Amfanin ajin shi ne a can ake karanta maka dokar da ta ce yaushe harbi ya halatta, a nan ne kuma mutane ke jefa kansu cikin bala'i.

Kafin ka zuba harsashi ko ɗaya, ka haddace ƙa'idoji huɗun da Jeff Cooper ya yaɗa. Ka ɗauka kowace bindiga akwai harsashi a cikinta. Kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka yi niyyar hallakawa ba. Yatsanka ya kwanta a jikin bindigar, can sama da kunama, har sai ka saita. Ka kuma san abin da kake harbi da abin da ke bayansa, domin bangon yawancin gidajen nan allon katako ne da filasta, harsashin milimita 9 yana ratsa shi ya shiga ɗakin maƙwabci.

Mafi yawan atisayena a ɗaki nake yi, ba harsashi. Ina cire magazin, wato gidan harsasai, in ja saman bindigar baya, in leƙa cikin ramin da harsashi ke zama, in sa ɗan yatsa in taɓa, sannan in kai harsasan wani ɗakin daban in rufo ƙofa. Sai in ɗora kwabo a kan bindigar in matsa kunama a hankali. In kwabon ya faɗi, hannuna ya girgiza ke nan, kuma da a fili ne harbin zai sauka ƙasa ta hagu. Wannan ya fi zuwa filin harbi ka ɓarar da kwalin harsashi don jin ƙara.

Kuben bindiga kada ka yi masa rowa. Ka sayi mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, da bel mai ƙarfi. Ranar Juma'a in za ka sa jamfa, ka gwada zarowa a gida da bindiga marar harsashi, don yadin yana sarƙewa. Ka kuma tambayi shugabannin masallacinku, suna da ikon hanawa. Makaranta, kotu, rumfar zaɓe, da mashaya mai alamar 51% (wadda mafi yawan kuɗin shigarta daga sayar da giya ne) duk haramun ne shiga da ita. A gida kuwa akwati mai makulli, domin barin bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai hannu laifi ne a Texas.

Mai saurin fushi, wanda ba ya iya barin direban da ya zage shi a babbar hanyar I-10 ya wuce, gara ya haƙura da ita gaba ɗaya.

In ɗan sanda ya tsayar da kai, hannayenka biyu a kan sitiyari, ka faɗa masa kana ɗauke da ita da inda take, ka ba shi lasisin tare da na tuƙi. Kuma kada ka yi tunanin sa ta a jaka in za ka je ganin gida. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, lasisin Texas ba ya aiki a filin jirgin Malam Aminu Kano.