Bikon, na'urar kururuwa ta tauraron ɗan'adam: yadda zaka saya, ka yi rajista, ka danna in ta ɓaci

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ko Arlit zuwa Assamaka, ya san wurin da sabis ɗin waya ke ɗaukewa ɗif, ka ɗaga wayar sama ka juya ta gabas ka juya ta yamma, ko sanda ɗaya babu. In mota ta mutu a irin wannan wuri to ba maganar bakanike ake ba, maganar ruwan da ya rage a jarka ake. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe a arewacin Nijar, galibinsu mata da ƙananan yara, sun tashi daga Arlit za su Aljeriya motocinsu suka lalace, kafin labari ya kai inda za a taimaka kwanaki sun shuɗe. Allah ya jiƙansu. To akwai wata 'yar na'ura da aka ƙera musamman saboda irin wannan rana, ana ce mata bikon, ni dai na'urar kururuwa nake kiranta, don aikinta kenan, ta yi maka ihu zuwa sama ta faɗi ko kai waye da inda kake.

Iri uku ce, kar a sayar maka da wadda ba taka ba. Akwai ELT ta jirgin sama, ita tana maƙale a jikin jirgi, in ya bugi ƙasa da ƙarfi da kanta take tashi. Akwai EPIRB ta jirgin ruwa, tana yawo a kan ruwa ba ta nutsewa, wasu ma an sa su cikin wani akwati da ke sakinsu da kansa in jirgi ya nutse kamar mita 2 zuwa 4. Sai PLB, ita ce ta mutum ɗaya, girmanta bai wuce ƙaramar waya mai maɓalli ba, tana shiga aljihu. Direban sahara, mai binciken ma'adinai, ma'aikacin agaji, maharbi, mai hawan dutse, PLB ce tasu.

Su waye ke saurare a can sama? Wani tsari ne sunansa Cospas-Sarsat, kuma abin mamaki a tsakiyar yaƙin cacar baka aka kafa shi, 1979, Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka haɗa kai duk da ba sa ga maciji. An harba tauraro na farko a 1982, cikin watan Satumba na shekarar ya gano wani ƙaramin jirgin sama da ya faɗi a tsaunukan Kanada aka ceto mutum 3. Daga nan zuwa yau waɗanda aka ceto da taimakonsa sun haura 50,000. Hedikwatarsu na Montiriyal a Kanada. Kuma kyauta ne, ba kuɗin wata, ba data, ba kati, na'urar kawai zaka saya.

Idan ka danna, bikon na harba sigina a kan mita 406 megahaz, ɗan gajeren saƙo ne na kusan rabin sakan, ta yi shiru wajen sakan 50 ta sake, haka haka har batir ya ƙare. Cikin saƙon akwai lambarta mai harufa 15 wadda ba wata na'ura a duniya da ke da irinta, in kuma tana da GPS har da wurin da kake. Taurari na ɗauka su cillo wa tashar ƙasa, tasha ta miƙa wa cibiyar tattara saƙo, cibiya ta tura wa masu ceto na yankin da kake da kuma ƙasar da aka yi wa na'urar rajista. A da sai ka jira tauraro na ƙasa-ƙasa ya gifta ta kanka, kuma mu da ke kusa da tsakiyar duniya jiranmu ya fi na 'yan Turai tsawo, yana iya kai awa ɗaya ko fiye. Yanzu an ɗora kunnuwan a kan taurarin nuna wuri, wato GPS da takwarorinsa Galileo da GLONASS, waɗanda ke can wajen kilomita 20,000 sama, ko da yaushe akwai da yawa a kanka, cikin 'yan mintuna saƙo ya isa.

To wajen saye. Na farko ka duba jikinta ka ga an rubuta 406. In ka ga tsohuwa mai 121.5 kaɗai a kasuwar gwanjo wallahi ka bar musu kayansu ko da kyauta ne, tun 1 ga Fabrairu 2009 taurari suka daina sauraron wannan mita. Sababbin ma suna fitar da 121.5 ɗin amma aikinta daban, ita ce jirgin ceto ke bi da kunne in ya matso kusa da kai. Na biyu ka ɗauki mai GPS, don da GPS ana iya sanin inda kake cikin kamar mita 100, ba GPS kuwa da'irar na iya kai kilomita 5, kuma kilomita 5 cikin tudun yashi ba wasa ba ne. Na uku ranar mutuwar batir, tana rubuce a jiki, galibi shekara 5 zuwa 7 ne, kuma ba irin batirin da zaka cire ka sa na tocilan ba ne, sai wakilin kamfanin. Inda hali ka nemi mai shuɗiyar fitila, wannan tsarin Galileo ne da ya fara aiki a 2020, fitilar na kamawa ta nuna maka an ji kiranka an kuma san inda kake. Ba wai ta ce ga jirgi nan tafe ba fa, amma wanda ke zaune gindin mota rana na dukansa, sanin cewa an ji shi kaɗai ya isa ya hana shi yin gangancin kama hanya a ƙafa. ACR da Ocean Signal da McMurdo su ne sunayen da zaka fi gani, kuɗin kuma wajen dala 300 zuwa 400.

Yanzu ga inda mutanenmu ke faɗawa rami. Kowace bikon an dasa mata lambar ƙasa a ciki, ta Najeriya 657, ta Nijar 656. Sai ka ga mutum ya sa ɗan'uwansa ya auno masa daga Amurka ko Ingila don ta fi araha, ta iso ɗauke da lambar can, ranar da ya danna sai a je ana neman bayaninsa a rajistar wata ƙasa inda ba a taɓa jin sunansa ba. Saƙon zai tafi, ba wai ba zai tafi ba, amma lokaci ne ke zubewa. Tun wajen saye ka ce a sa maka lambar ƙasarka, in kuma ta riga ta zo ka nemi dila mai izini ya canza.

Sai rajista, kuma ni a ganina rabin amfanin na'urar a nan yake. Dalili kuwa, mafi yawan kiran da ke shiga cibiyoyin nan na kuskure ne, yaro ya yi wasa da ita, an wanke jirgi ruwa ya taɓa ta, an jefar da tsohuwa a bola. Saboda haka abu na farko da mai gadin cibiya ke yi in ƙararrawa ta buga shi ne ya buɗe rajista ya ga ta waye, ya kira lambar da aka bari. In ya kira matarka ko wanka ya ce eh lallai ya tashi daga Agadas jiya da asuba, Hilux fara, su 9 ne, ruwan kwana 3 gare su, to magana ta tabbata, an san me ake nema. In ba rajista kuwa lamba ce tsirara a allon kwamfuta, sai an yi ta tantama. Wasu ƙasashe na da rajistar kansu, wasu kuma ana yi a babbar rajistar Cospas-Sarsat ta intanet da ake kira IBRD, ita ma kyauta. A Najeriya hukumar NEMA ce ke riƙe da harkar Cospas-Sarsat, ɓangaren teku kuma hukumar kula da sufurin ruwa ta NIMASA na da cibiyar ceto a Legas, ka tambaye su ina zaka sa taka. Ka sa lambar mutum biyu ko uku masu ɗaga waya da tsakar dare, ba irin abokin nan da kullum wayarsa ba caji ba, kuma ka gaya musu ka sa su, kar a kira da Turanci ko Faransanci su zaci 'yan damfara ne su kashe. Ka canza layi, ka canza mota, ka sayar da na'urar, koma ka gyara.

Gwaji kuma akwai maɓallinsa daban, shi zaka danna kamar sau ɗaya a wata ko kafin tafiya, fitila ta ƙyafta ta nuna lafiya lau. Kar ka mai da shi abin nuna wa abokai a majalisa, kowane gwaji na cin batir. Babban maɓallin kuwa ba a gwada shi, ko na sakan biyar.

Ajiya: a jikinka. Ba cikin jakar da aka ɗaure can ƙarƙashin buhuna a bayan mota ba. Mota na iya kifewa, tana iya kamawa da wuta, kwale-kwale na iya juyewa, abin da ke ɗaure a ƙugunka ko rigar ruwanka shi ne naka.

Ranar da Allah ya kawo ƙaddara, rai na cikin haɗari da gaske kuma duk wata hanya ta toshe, ga yadda zaka yi. Fita fili inda kake ganin sama sosai, ba cikin mota ba, ba ƙarƙashin dutse ko cikin kwazazzabo ba in kana iya motsawa. Warware eriya ka miƙar da ita tsaye tana kallon sama, buɗe murfin, danna maɓallin ka riƙe har fitila ta fara walƙiya. Ajiye ta a wuri mai ɗan tudu, ka tokare ta da dutse kar iska ta kwantar da ita, kar ka rufe fuskarta da hannu ko rawani don ta nan take karɓar GPS. A ruwa kuma EPIRB ka ɗaure igiyarta a jikin kwale-kwalen ceto ka bar ta tana yawo, a ruwan ta fi aiki, amma PLB ɗaga ta zaka yi sama da ruwa. Sannan babban abu, kar ka kashe. Mutane na cewa bari in kashe in adana batir, a'a, an ƙera PLB ta yi aƙalla awa 24 tana kira, EPIRB aƙalla 48, in kana kunnawa kana kashewa rikita masu nemanka kake, wani ma ya zaci kuskure ne aka gyara. Ka zauna inda kake, mota ta fi mutum sauƙin gani daga sama, ku yi inuwa, ku raba ruwa da lissafi, madubin mota na haska wa jirgi da rana, hayaƙin taya ma ana hango shi daga nesa.

Amma fa kar in yi maka daɗin baki. Bikon kira take, ba ta da fuka-fuki. A 2010 wata yarinya 'yar Amurka mai shekara 16, Abby Sunderland, ta danna nata a tsakiyar tekun Indiya bayan igiyar ruwa ta karya mata sandar jirgi, nan da nan aka ji, jirgin sama daga Ostareliya ya hango ta, amma sai da ta yi kusan kwana 2 kafin jirgin kamun kifi na Faransa ya iso ya ɗauke ta. A tsakiyar saharar Tenere ta Nijar ma lissafin kenan, wa ya fi kusa, yana da mai, akwai tsaro a hanyar. Don haka jarkar ruwa ta ƙari da gaya wa mutum hanyar da zaka bi da ranar da ya kamata ka isa suna nan daram. Kuma bikon ba ta magana, ba zaka iya cewa mutum nawa ne ko wa ya ji ciwo ba, shi ya sa masu hali ke haɗa ta da na'urorin sadarwa ta tauraro irin su Thuraya ko Garmin inReach, su ana magana ko rubutu amma da kuɗin wata, kuma ba cikin Cospas-Sarsat suke ba. Ka dai bincika doka kafin ka ɗauki irin waɗannan, ko a Borno sojoji sun taɓa haramta Thuraya a 2013, kar kayan ceto ya ja maka kwanan bariki.

In kuma hannu ya kuskure ta tashi ba dalili, kashe ta nan take, sannan ka kira hukumar ceto ka karanta musu lambar nan mai harufa 15 ka ce kuskure ne, kar ka ji kunya ka yi shiru, wataƙila saƙon ya riga ya tafi ana can ana shirin tayar da jirgi. Tsohuwa da ta gama aiki kuma a cire mata batir kafin a yar, a kuma goge ta daga rajista.