Yadda Ake Ziyartar Dandalin Wasan Rumawa Na Birnin Amman

A tsakiyar Amman, babban birnin Jodan, akwai dandalin wasan kwaikwayo da Rumawa suka gina a jikin tsauni zamanin Sarki Antoninus Pius (138 zuwa 161 Miladiyya), lokacin ana kiran garin Filadelfiya. Yana ɗaukar mutum kusan 6,000. Wuni guda ya ishe ka ganinsa har da kangwayen da ke kewaye, in dai ka san ta inda za ka faro.

Kada ka fara da dandalin. Da sassafe ka hau tasi zuwa Jabal al-Ƙal'a, tsaunin da ke fuskantarsa, domin gangarowa da ƙafa ta fi hawa sauƙi. Ka sa takalmi mai kama ƙafa, ka riƙe hula da gorar ruwa, inuwa ta yi ƙaranci a can. Tikitin Jordan Pass da ake saye ta intanet yana shigar da kai wuraren biyu.

A bisa tsaunin za ka tarar da ginshiƙan haikalin Hakulis, gwarzon tatsuniyoyin Rumawa, da yatsun wani makeken hannu na dutse, ragowar gunkin da ya farfashe. Ƙarasa gaba ka ga fadar Banu Umayya ta ƙarni na 8, wadda girgizar ƙasa ta shekarar 749 ta rushe, da katafaren ramin da suke tara ruwan sama a ciki. Kafin ka sauko, matsa bakin katanga ka leƙa ƙasa. Daga nan ana ganin dandalin gaba ɗayansa, kamar rabin ƙwarya da aka jingina da dutse.

Sai ka bi matakalun unguwa ka gangaro zuwa filin Hashimiyya, ƙofar shiga tana nan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu shiga su ɗauki hoto a ƙasa su juya. Daure ka hau har layin ƙarshe. Kujerun hawa uku ne: manyan gari a ƙasa kusa da 'yan wasa, talakawa can ƙololuwa. Matakalun na da tsayi, kuma sawu ya goge su har sun yi santsi, saboda haka a hankali, musamman wajen saukowa. In ka kai, sa abokin tafiyarka ya tsaya a tsakiyar filin da ke gaban dandamali ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Za ka ji shi sarai. Lura kuma cewa kujerun arewa suke kallo. Da gangan magina suka yi haka don kada rana ta doki idon 'yan kallo.

A gefe biyu na dandamalin akwai ƙananan gidajen tarihi na tufafi da kayan gargajiyar Jodan da Falasɗinu, minti kaɗan sun isa. Odiyon, ƙaramin dandalin kiɗa mai kujeru kusan 500, yana dab da wurin. Daga nan ka taka zuwa Nimfayum, maɓuɓɓugar ruwan ƙawa da aka gina a shekarar 191. Idan azahar ta riske ka, Masallacin Husaini na nan kusa, cikin kasuwa.