Yadda Ake Shirya Tafiya da Keken Daji a Kwarin Koguna da Dazuzzukan Faransa

Wanda ya duba taswirar Faransa ya ga yadda kogunan Dordogne da Lot da Tarn da Allier suke ratsa karkara, zai iya zaton bin su da keke tafiya ce a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ga mai keken daji, wanda Faransawa ke kira VTT, abin ba haka yake ba. Hanyar da ke bin bakin ruwa sak yawanci kwalta ce, ko tsohon layin dogo da aka gyara domin masu yawon shan iska. Hanyoyin VTT kuwa sukan bar kogin su kutsa daji, su hau har saman tudu, su gangaro, su sake hawa, wani lokaci sau uku ko huɗu a yini guda. Don haka kafin ka tambayi tsawon hanya, fara tambayar yawan mitocin da za ka hau, domin su ne za su cinye maka ƙarfi da lokaci.

Amsar tana cikin taswira. Hukumar taswira ta ƙasar, IGN, tana buga taswirori masu ma'aunin 1:25,000, inda santimita ɗaya a takarda ke daidai da mita 250 a ƙasa, kuma suna nuna ƴan ƙananan hanyoyin gona da na daji da babbar taswira ba ta damu da su ba. Ka kula da siraran layukan da ke nuna tsayin ƙasa: inda suka matsu da juna hawan yana da tsanani, inda suka yi tazara ƙasar ta kwanta. A ofisoshin yawon buɗe ido na ƙananan garuruwa ana samun takardun da ke bayanin kowace hanya, kuma kusa da adadin kilomita za ka ga alamar D+, wato jimillar hawan da ke cikinta. A ganina wanda bai saba ba ya tsaya a kan kilomita 20 zuwa 25 da hawan da bai wuce mita 400 ba a ranarsa ta farko, sannan ya ƙara gwargwadon yadda jikinsa ya karɓa. Ka sauke hanyar a wayarka tun kana masauki, ka kuma riƙe ta takarda, saboda a cikin kwazazzabai sabis yakan ɗauke.

Da ka shiga hanya, alamomi ne za su yi maka jagora, kuma koyonsu ba ya ɗaukar minti biyar. Alamar VTT alwatika ce tare da ƙananan da'ira biyu a gindinta, kuma bakin alwatikar shi ke nuna inda za ka nufa. Idan ruwan ɗorawa ce, hanyar ta zagayen yanki ce da za ta dawo da kai inda ka taso. Idan ruwan ƙasa ce, kana cikin ɗaya daga gandayen da ake kira parc naturel régional. Idan ja ce, ka hau doguwar hanya mai ƙetare yankuna. Akwai kuma lambar hanya, wadda launinta ke bayyana wahalarta: kore mai sauƙi ƙwarai, shuɗi mai sauƙi, ja mai wuya, baƙi sai gwanaye. Inda ka ga an gicciye alama, ka yi kuskuren hanya, sai ka juya. Kada ka rikita waɗannan da zanen fari da ja da ke jikin bishiyoyi da duwatsu, domin wannan na masu tafiyar ƙasa ne a dogayen hanyoyinsu da ake kira GR, kuma yana iya kai ka matakalar dutse inda dole ka saɓa keken a kafaɗa. Wuraren da ke ɗauke da tambarin VTT-FFC, na hukumar wasan keke ta ƙasar, su ne suka fi dacewa da baƙo, saboda ana kula da alamominsu.

Zaɓen yanki ya danganta da irin ƙasar da kake son tayarka ta taka. A Suisse normande, kewayen Clécy a bakin kogin Orne, hawan gajere ne amma mai tsini, kuma ƙasar takan jiƙe. A Morvan daji ne mai duhu da tafkuna da saiwoyi birjik a kan hanya. A kwarin Lot da Célé za ka bar inuwar bakin ruwa ka hau busasshen tudun farar ƙasa da ake kira causse, mai cike da tsakuwa mai kaifi. Kwazazzabon Tarn, tsakanin Causse Méjean da Causse de Sauveterre, zurfinsa ya kai mita 400 zuwa 600, kuma ba wurin koyo ba ne. Mai neman tafiyar kwanaki yana da doguwar hanyar da ake kira Grande Traversée du Massif Central, wadda ta tashi daga Avallon ta dire Cap d'Agde a bakin tekun Bahar Rum, kusan kilomita 1,400, kuma babu laifi mutum ya yanki kwana biyu ko uku daga cikinta ya bar sauran.

Abin da baƙi suka fi sakaci da shi shi ne cewa dajin yana da masu shi. Daji ya rufe kusan kashi 31 cikin ɗari na ƙasar Faransa, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu nasa mallakar mutane ne. Sauran na gwamnati ne da ƙananan hukumomi, waɗanda hukumar dazuzzuka ta ƙasar, ONF, ke kula da su. Hanya mai alama sau da yawa tana ratsa filin wani ne bisa yardarsa, kuma yardar tana iya janyewa idan masu keke suka riƙa yanke hanya ta cikin shuka ko suna barin ƙofar shinge a buɗe. Ka rufe kowace ƙofa da ka tarar a rufe, ka girmama allon propriété privée, wato filin wani ne, ka rage gudu ka yi gaisuwa idan ka iske masu tafiyar ƙasa ko mahaya doki, domin su ake ba hanya. Inda ake sarar itace ka tsaya nesa har direban injin ya gan ka, kuma kada ka hau tarin gungumen da aka jibge a gefen hanya, saboda yana iya gangarowa.

Lokacin tafiya ma yana da nasa hukunci. Daga watan Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu lokacin farauta ne a yawancin yankuna, kuma ana yin farautar taron dangi ta aladen daji da barewa, da karnuka da bindigogi masu cin dogon zango. Idan ka ga allo mai rubutun chasse en cours, wato ana cikin farauta, ko mutane sanye da riguna ruwan lemo sun jeru a bakin hanya, ka tsaya ka tambaye su ta ina za ka bi, ko ka juya. Kada ka ce za ka wuce da sauri. Ofishin magajin gari yakan san ranakun farauta, kuma kai ma ka sa riga mai haske. A watannin zafi matsalar gobara ce: a kudancin ƙasar hukumomi kan rufe dazuzzuka a ranakun da haɗari ya yi yawa, kuma tun bayan gobarar Gironde ta 2022 hukumar hasashen yanayi, Météo-France, ta fara fitar da taswirar haɗarin gobarar daji. A yankin Cévennes kuwa ruwan sama mai ƙarfi na watannin Satumba zuwa Nuwamba yana iya mayar da ƙaramin rafi kogi cikin ƴan sa'o'i, kuma a kogunan da ke da madatsar lantarki ruwa kan taso ko da sama garau take. Shafin Vigicrues yana nuna matsayin ambaliya. Idan aka haɗa waɗannan duka, Mayu da Yuni su ne watannin da na fi ba mutum shawara.

Game da tuƙin kansa, ƙasar kwari tana son haƙuri. A hawa ka sauya zuwa giya mai laushi tun kafin hawan ya kama ka, ka zauna a kan sirdi domin tayar baya ta riƙe ƙasa, ka ɗan sunkuyar da ƙirji kada tayar gaba ta ɗaga. A gangara ka miƙe a kan feda, ka sassauta gwiwa da gwiwar hannu, ka matsa birki biyun a hankali kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Jiƙaƙƙiyar saiwa da jiƙaƙƙen dutsen farar ƙasa suna da santsi kamar sabulu, don haka ka ƙetare su a miƙe ba tare da taɓa birki ba. Bayan ruwan sama yumɓu yakan liƙe tsakanin taya da ƙarfen keke har tayar ta daina juyawa, kuma bin hanyar a wannan hali yana lalata ta, gara a jira ta sha iska. Sauka a tura keke a wurin da ya fi ƙarfinka ba abin kunya ba ne.

Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, musamman a kan causse, inda ruwan sama ke nutsewa cikin dutse ba ya barin rafi a sama. Maƙabartun ƙauyuka galibi suna da famfo, amma ka duba ko an rubuta eau non potable, wato ba na sha ba ne. Shagunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana, da yammacin Lahadi, wasu har Litinin, saboda haka ka sayi guzuri da safe. A jakarka kada a rasa tub na canji da faci da famfon iska da mahaɗin sarƙa da ƴan makullai. Idan ka iske garken tumaki tare da babban farin karen da ake kira patou, ka sauka, ka sa keken tsakaninka da shi, ka zagaye garken a natse. Da yamma ka binciki jikinka saboda kaska, wadda ke yaɗa cutar Lyme, musamman a dazuzzukan gabas da tsakiyar ƙasar.

Doka ta wajabta hular kwano ga yara ƴan ƙasa da shekara 12 tun 2017, amma a daji babba ma bai kamata ya hau babu ita ba. An hana sa abin sauraro a kunne yayin tuƙi, kuma da dare a wajen gari dole ne fitila da riga mai ƙyalli. Jiragen ƙasa na yanki, TER, galibi suna ɗaukar keke idan akwai wuri, wasu layukan kuma sai an yi rajista tun da wuri a lokacin hutu. A jiragen ƙasa masu tsananin gudu, TGV, sai ka biya wa keken gurbi a jiragen da ke da shi, ko ka kwance shi ka sa a jaka. Kafin ka fita ka gaya wa mai masaukinka lambar hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran dawowa. Lambar gaggawa ita ce 112, kuma idan ka kira za a tambaye ka inda kake, don haka ka koyi yadda ake karanta lambobin GPS a wayarka tun kafin buƙatar ta taso.