Yadda ake sauraren «Afrique Victime» ta Mdou Moctar

Duk wanda yake son ya fahimci waƙar «Afrique Victime», wadda makaɗin jita ɗan Nijar Mdou Moctar ya fitar cikin faifansa mai wannan suna a shekarar 2021 ta hannun kamfanin Matador na Amurka, to ya fara raba ta da lasifikar salula, domin a zaman fada a Yamai, ga hira ga ƙarar babura, jitar bas ba ta fitowa sam, alhali ita ce ginshiƙin kiɗan. A nemi abin saurare na kunne, a ba ta mintocinta bakwai da ɗoriya ba tare da katsewa ba.

Yana da kyau a san mafarinta. Mdou, wanda sunansa na yanka shi ne Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa, ya kuma haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. Faifansa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula. Amma a filin bikin aure hannunsa ya faɗa, inda makaɗi ba shi da ikon barin masu rawa su huce, kuma wannan tarbiyya ce ta tsara waƙar.

A sauraron farko a bi gangunan Souleymane Ibrahim kaɗai, ana buga tafin hannu a gwiwa. Kiɗan yana somawa a natse, sannan ya riƙa ƙara sauri sannu a hankali, ta yadda mai sauraro ba zai iya nuna inda aka canza taki ba, sai dai ya tarar hannunsa ya gaza. A karo na biyu a koma kan jitar rakiya ta Ahmoudou Madassane da bas ɗin Mikey Coltun, waɗanda ke kewaya gajeren zubi guda suna maimaitawa. Wannan maimaici mai ɗauke hankali shi ya sa masu sharhi suka jingina waƙar da rok na saikedelik, salon da ya bunƙasa a Amurka da Ingila a tsakiyar shekarun 1960.

Sai a karo na uku za a saki kunne ga Mdou kansa, bahago mai kaɗa tsirkiya da yatsa. Baitocin suna kokawa ne kan zaluncin da ake yi wa Afirka da illar yin shiru a kai, kuma da murya ta tsaya, jitar ce ke ci gaba da ƙorafin da sauti mai kaushi.

Jaridun Amurka da Ingila sun sanya faifan «Afrique Victime» cikin fitattun na 2021, suna yawan kwatanta Mdou da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jitar rok na Amurka. A ganina kwatancen rabin magana ne. Mai son ya auna da kansa ya saurari Abdallah Oumbadougou, makaɗin jita Ba'abzine wanda Mdou ya gani yana kiɗa tun yana yaro, sannan ya nemi takamba ta gargajiya, wato wani kiɗan rawa na Abzinawa, ya lura da bugun ƙwarya.