Kurakuran da masu koyon ƙwallon raga suka fi yi, da yadda nake gyara su

Shekaru da dama ke nan ina tsayawa a gefen fili bayan la'asar ina horar da samari wasan ƙwallon raga, kuma duk lokacin da sababbi suka zo, kurakuran da na gyara wa na bara su ne nake sake gani a hannun na bana. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuta ta. Hanyoyin gyaran da zan ambata nawa ne, waɗanda na saba da su, kuma na san akwai masu horarwa da ba za su yarda da wasu daga cikinsu ba.

Tushen matsalar shi ne kowane sabon ɗan wasa yana zuwa da burin ya tashi sama ya doka ƙwallo ƙasa da ƙarfi, ba ya son jin zancen tarba. Alhali doka ta ba kowane ɓangare taɓi uku ne kawai, kuma idan taɓin farko ya lalace, mai ɗagawa, wato wanda yake ɗaga ƙwallo sama domin a doka, zai ɓata lokacinsa yana bin ƙwallo a guje, mai dukan kuma ya tsaya a bakin raga ba shi da abin doka. Ko hukumar wasan ta duniya, FIVB, da ta ga muhimmancin tarba, sai ta shigo da matsayin libero a 1998, ɗan wasan da yake sa riga daban da ta sauran, wanda aikinsa tarba da kare bayan fili, kuma ba a yarda ya doka ƙwallon da take sama da raga zuwa wancan ɓangaren ba. Saboda haka gajeren yaron da yake ganin ragar maza mai tsayin mita 2.43 ta fi ƙarfinsa, yana da gurbi babba a wannan wasa idan ya iya tarba.

Kuskuren tarba iri uku ne da suke tafiya tare. Mai koyo yakan sarƙe yatsunsa cikin juna, ya lanƙwasa gwiwar hannu, sannan ya wurga hannayen sama kamar mai watsa hatsi, sai ƙwallon ta bugi dunƙulen hannu ko ƙashin wuyan hannu ta fice inda ta ga dama. Daidai shi ne a ɗora tafin hannu ɗaya a kan ɗaya, manyan yatsu biyu su jeru suna kallon ƙasa, gwiwoyin hannu su miƙe sosai, ƙwallon kuma ta sauka a faffaɗan wurin da ke tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Ƙarfin da zai tura ta daga ƙafafu yake fitowa, wato a durƙusa kaɗan sannan a taso, hannaye kuwa fuskantar mai ɗagawa kawai za su yi. Kuma ƙafa ce take fara isa wurin da ƙwallon za ta faɗo. Wanda ya kafe a wuri ɗaya yana miƙa hannu gefe, ya riga ya makara.

Wannan kuskure ya taɓa jawo mini asarar da har yau nake tunawa. A wata gasa tsakanin makarantu, mun kai zagaye na biyar, wanda ake ƙarewa a maki 15, muna kunnen doki 13 da 13. Abokan karawarmu sun lura tun farko cewa hannuna yana tashi idan na tsorata, sai suka auna ni da sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi daga bayan fili, sau biyu a jere, kuma duka biyun na wurga ƙwallon cikin 'yan kallo. Mutum biyar sun yi wata da watanni suna gumi tare da ni, ni kuma na zubar da wahalarsu a cikin minti ɗaya, domin na shafe shekara ina koyon dukan ƙwallo na ƙi koyon tarba. Tun daga ranar na ja layi da gawayi a jikin bango daidai tsayin raga, kullum ina tarba sau ɗari sama da layin kafin in taɓa wani abu. Yanzu duk yaron da ya zo wurina, makonni biyu na farko ba ya tsalle a bakin raga ko sau ɗaya, bango ne abokinsa. Wasu sukan yi fushi su daina zuwa, kuma ba na bin su, domin sauri ya haifi nawa.

Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, domin na farko maki yake cinyewa, wannan kuwa ƙafa yake lalatawa. Masu koyo suna tsalle gaba maimakon sama, sai su sauka a ƙarƙashin raga, su ƙetare layin tsakiya, su taka ƙafar mai tare duka a bakin raga ko shi ya sauko a kan tasu. Targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi yawa a wannan wasa, kuma mafi yawansa a ƙarƙashin raga yake faruwa. Haka ya same ni: wani saurayi ya zo da gudu ya diro cikin ɓangarenmu, na sauko daga tarewa a kan ƙafarsa, idon sawuna ya juye. Sai na ƙara da nawa gangancin, na ɗaure da tsumma na koma fili bayan kwana biyu, abin da ya mayar da jinyar makonni ta zama ta wata uku.

A nan dole in yi muku faɗa, ku samari. Wanda yake dira a ɓangaren abokin karawa yana wasa ne da lafiyar ɗan wani, kuma "yi haƙuri" ba ta gyara jijiya. Ku daina zuwa filin siminti da silifas, ku daina shiga wasa jiki a sandare ba ku motsa shi ba, musamman da sanyin hunturu. Idan kai mai amfani da hannun dama ne, takunka hagu, dama, hagu ne, biyun ƙarshe da sauri, hannaye su koma baya sannan su ɗauke ka sama, ka tashi da ɗan tazara daga raga, ka sauka a kan ƙafa biyu gwiwa a lanƙwashe. Ni ina umartar mai ɗagawa ya nisanta ƙwallon daga raga kamar taku ɗaya idan da masu koyo yake wasa, kuma duk wanda ƙafarsa ta wuce layin tsakiya gaba ɗaya, ko alƙalin wasa bai hura usur ba, ina fitar da shi ya zauna har ƙarshen zagayen.

Sai kuma shiru. Fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, mutum shida a kowane ɓangare, amma za ka ga ƙwallo ta faɗi tsakanin mutum biyu suna kallon juna, kowa ya zaci ɗayan zai ɗauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai sabis mai wayo tsagar nan yake nema. Wanda ya fi kusa ya ɗaga murya ya ce "Tawa!" tun ƙwallon tana sama da raga, sauran su buɗe masa hanya. Kunya tana da wurinta, amma ba a tsakiyar fili ba.

Sauran ƙanana ne. Wanda bai iya sabis daga ƙasa ya tsallake raga sau goma a jere ba, kada ya fara na sama. A sabis na sama, yawancin ɓaci daga jefawar yake, saboda haka a jefa ƙwallon gaban kafaɗar hannun duka, tsayi iri ɗaya kullum, kuma bayan usur akwai daƙiƙa 8, babu dalilin rawar jiki ko taka layin baya. Wajen ɗagawa, a karɓi ƙwallon da yatsu a saman goshi a sake ta nan take, domin riƙewa laifi ne. Juyawar 'yan wasa tana bin hannun agogo duk lokacin da aka ƙwato damar buga sabis daga abokan karawa, kuma ya kamata kowa ya san wanda yake gabansa da wanda yake gefensa kafin a buga.

Akwai kuma ɗabi'ar da yaranmu suke kawowa daga ƙwallon ƙafa, ta miƙa ƙafa da zarar ƙwallo ta yi ƙasa. Doka ta halatta taɓa ƙwallo da kowane sashe na jiki, amma a atisayena duk wanda ya sa ƙafa a inda durƙusawa za ta isar masa, ina ba ɗaya ɓangaren makin, kuma yakan ɗauki kamar wata guda kafin ƙafar ta daina riga hannu fita.